Mahaukaci a Bakin Mawaƙi: Matsayin Mai Taɓin Hankali a Waƙoƙin Hausa na Rayuwar Yau da Kullum

1.0 Gabatarwa

Waƙa, ta baka ce ko rubutacciya, ita ce rumbun da Bahaushe ya fi adana labarin rayuwarsa a ciki. Duk wanda ya bi diddigin waƙoƙin da aka yi daga tsakiyar ƙarni na 20 zuwa yau zai tarar da damina da noma, da kasuwa da tashar mota, da aure da kishi, da bara da talauci, kowanne an zauna an ba shi haƙƙinsa. Na'ibi Sulaimanu Wali ya yi wa damina waƙa. Aƙilu Aliyu ya yi wa saniya tata a "Daɗɗaɗan Daɗi Saniya". Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya bi karen mota har bakin aikinsa, ya sa mutane suka dubi wanda a da ba su ko amsa sallamarsa.

To, amma akwai wani mutum da ba a rasa shi a kowace kasuwa da kowace tasha, kuma da wuya a sami zuriyar da ba ta da nata a ɓoye a ƙuryar gida, wato mai taɓin hankali. Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce, wane matsayi mawaƙan Hausa suka ba wannan mutum? Abin da za mu nuna shi ne, ana yawan ambatonsa, amma ba a ba shi baki. Aronsa ake yi domin a zagi wani, ko a tsoratar da wani, ko a kambama wani abu, sa'an nan a mayar da shi bakin juji. Nazarin namu kallon garke ne, ba na saniya ɗaya ba. Saboda haka ba za mu feɗe waƙa guda baiti-baiti ba, sai dai za mu yi amfani da ma'aunan jigo da salo kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa su.

2.0 Hankali da Gushewarsa a Harshen Hausa

Mawaƙi ba ya ƙera kalma daga iska. Abin da harshe ya miƙa masa da shi yake gini. Don haka ya kyautu mu fara da kalmomin kansu.

Kalmar "hankali", wadda asalinta Larabci ne, ta ɗauki kaya fiye da na tunani kawai. Idan aka ce yaro mai hankali ne, ladabinsa ake nufi. Idan aka ce "yi hankali", gargaɗi ne. "A hankali" na nufin sannu-sannu, "kwanciyar hankali" zaman lafiya, "tashin hankali" kuwa har yaƙi yana cikinsa. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa hankali cikin halayen da Bahaushe ke auna kirki da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci da sauransu. Abin da wannan ya haifar a fili yake. Tunda kalma ɗaya ce ke ɗauke da lafiyar ƙwaƙwalwa da kyawun hali, to wanda ciwo ya raba da ta farko sai a ɗauka ya rasa na biyun. "Marar hankali" zagi ne, ba sunan cuta ba, alhali kuwa ba a taɓa zagin mutum da cewa marar ƙafa ne.

Idan muka dubi aikatau, za mu ga harshen ya yi wani adalci. "Ya taɓu", "ya motsu", "ya zautu", duk suna aji na 7 a rabon F. W. Parsons na 1960, wato ajin da ke nuna cewa abin ya auku ne a kan mutum, ba shi ya aikata ba. Wani abu ne ya taɓa shi. Haka nan "iska ta buge shi" da "an yi masa sammu" da "an yi masa kurciya" duk sun ɗora laifin a waje. Amma sunan da ya fi yawo a baki, wato "mahaukaci", ƙirarsa daban ce. Ɗafa-goshin "ma-" ne irin na manomi da maƙeri da maɗinki, ko na matsiyaci da marowaci. Wannan ƙira takan mayar da aiki ko hali ya zama shi ne sunan mutum gaba ɗaya. "Mai taɓin hankali" kuwa ɗan'uwan "mai zazzaɓi" ne: ga mutum, ga kuma ciwon da yake ɗauke da shi, ana iya raba su. Abin lura shi ne, waƙa ta fi son kalmar farko, domin ta fi gajarta, ta fi zafi, kuma ta fi sauƙin shiga kari da amsa-amo.

Na taɓa neman ɗalibaina su kawo mini duk kalmomin da suka sani na wannan fage. Kafin a jima allo ya cika: taɓaɓɓe, motsattse, zautacce, majanuni, har da masu cewa "sai Dawanau" da "sai Kware", ana ta dariya. Bayan an tashi, wani ɗalibi da bai ce uffan ba ya biyo ni ya ce, "Malam, duk sunayen nan an kira mahaifiyata da su, amma babu ko ɗaya da ya faɗi abin da take ji." Wannan magana ita ce mafarin maƙalar nan.

3.0 Fuskokin Mahaukaci a Waƙa

3.1 Makamin Zambo

Wuri na farko da aka fi cin karo da hauka a waƙa shi ne fagen zambo da habaici. Makaɗin fada da ke son ƙasƙantar da ɗan sarkin da ke ja da ubangidansa, da mawaƙin siyasa tun zamanin NEPU da NPC har zuwa mawaƙan situdiyo na yau, dukkansu sun san cewa jifan abokin hamayya da hauka ya fi jifansa da rowa ko tsoro ciwo. Dalili kuwa shi ne, marowaci yana da ta cewa, matsoraci ma haka, amma wanda aka ce ya haukace an rufe masa baki, domin duk abin da ya faɗa sai a ce ciwon ne.

A nan mahaukaci ba jigo ba ne, kayan aiki ne na kamance da siffantawa. Mawaƙin bai damu da yadda aka yi ya haukace ba, ko wa ke ba shi abinci. Tsummansa da ƙazantarsa da surutunsa kawai yake aro ya yafa wa wani. Karin magana ma a kan wannan turba take. "Haukan kaza, auren muzuru" ba maganar ciwo ba ce, maganar wauta ce. "Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta" kuwa ta mayar da hauka wata riga da mai lafiya kan saka ya tuɓe idan buƙata ta biya. Da yawan irin wannan aro sai asalin ma'anar ta dushe, har mai sauraro ya manta cewa akwai wanda ba saka rigar ya yi ba, kuma ba ya iya tuɓe ta.

3.2 Abin Tsoratarwa a Wa'azi

Wuri na biyu shi ne waƙoƙin wa'azi da gyaran hali. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya nuna gwaninta a "Waƙar Giya" wajen zayyana yadda sha ke zubar da mutuncin mutum da dukiyarsa da tunaninsa. Mamman Shata ya tsaya a ɗaya gaɓar a "A Sha Ruwa". Amma duk da saɓaninsu, gushewar hankalin da suke magana a kai iri ɗaya ce, wato wadda mutum ya saya da kuɗinsa. Magadan Mu'azu na wannan zamani, masu waƙoƙin yaƙi da shaye-shaye, sun ci gaba da bin sawunsa, kuma suna da hujja. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi amfani da ƙwaya a Nijeriya. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin.

Ba mu da ja a kan amfanin waɗannan waƙoƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne, hoton da suke rufewa da shi kusan kullum ɗaya ne: saurayi yana yawo a bola yana magana shi kaɗai. Wato hauka ya zama hukunci. Mai sauraron da ya sha jin haka, idan ya ga mai taɓin hankali a hanya, tambayar farko da zai yi ita ce, me ya sha? Ba zai tuna da matar da ta taɓu bayan haihuwa ba, ko wanda ya ga an kashe 'yan'uwansa a gabansa, ko wanda ciwon ya zo masa haka kawai yana tsakiyar karatu.

Abin mamaki, fiƙihun da mawaƙan wa'azi suka tashi a cikinsa ya fi su rarrabewa. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san an jera barci mai nauyi da suma da maye da hauka cikin abubuwan da ke warware alwala, domin dukkansu gushewar hankali ne. Amma a wajen ɗora laifi an raba su. Hadisi sananne ya nuna an ɗauke alƙalami daga kan mai barci da yaro da mahaukaci, ba a kuwa ɗauke shi daga kan mashayi ba. Shari'a ta yi wa mai taɓin hankali uzuri. Waƙar wa'azi ce ta haɗa shi da mashayi a tabarma ɗaya.

3.3 Dokin Iska

Wuri na uku shi ne waƙoƙin bori. A. J. N. Tremearne ya tattara bayanai a kansu a 1914 daga Hausawan Tunis da Tarabulus, Fremont Besmer kuma ya yi nazarinsu a Kano ya buga a 1983. A wannan fage kowane iska yana da kiɗansa da kirarinsa da irin ciwon da yake sa wa mutum, kuma daga cikin waɗanda ake dangantawa da hauka akwai Sarkin Rafi da Nakaɗa. Dole a yarda cewa a nan ne kaɗai al'adar gargajiya ta ba marar lafiyar fili a tsakiyar taro. Ana yi masa girka, a kira masa masu garaya ko goge, a zauna dominsa.

Amma idan muka yi tambayar manazarcin adabi, wato wa ke magana kuma wa ake yabo, sai mu ga ba a kauce hanya ba. Kirarin na iska ne. Mutumin kuwa doki ne ko goɗiya, kuma ba a tambayar doki ra'ayinsa. Idan ya buɗe baki, an ɗauka mahayinsa ne ke magana. Dabbantarwar da ke cikin kalmar "doki" ta taƙaita komai: jikinsa yana fage, amma muryarsa ba tasa ba ce.

3.4 Haukan So da Bege

Wuri na huɗu shi ne waƙoƙin soyayya da na bege. A nan ne kawai mawaƙi kan yarda ya kira kansa mahaukaci da bakinsa. Tushen wannan salo ya daɗe. Labarin Ƙaisu ɗan Mulawwahu, wanda aka fi sani da Majanunu Laila, yana cikin Kitabul Agani na Abul Faraji Al'asfahani tun ƙarni na 10, kuma ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai. Haka nan a wajen Sufaye akwai majazubi, wanda shauƙi ya fizge shi daga al'amuran duniya, ana kuma girmama shi.

Sai dai wannan hauka na ado ne. Mai waƙar soyayyar da ya ce rashin masoyiya ya zautar da shi, da ya gama rerawa zai koma shagonsa ya ƙirga cinikinsa. Kambamawa ce, kuma kowa ya san haka. Ba ta da alaƙa da rashin barci na wata guda, ko jin muryoyin da ba wanda ke jin su, ko kasa tashi daga shimfiɗa ba tare da zazzaɓi ba. Kusa da wannan akwai camfin da ke cewa fasihin mawaƙi aljanu ne ke ba shi waƙa, wanda Larabawan Jahiliyya ma sun yi irinsa. Wannan ma bai amfani marar lafiya da komai ba, domin ya mayar da ciwo abin sha'awa.

4.0 Makaho Ya Yi Magana

Domin mu ga girman giɓin, bari mu kwatanta da wata lalura. Makanta ba ta hana Bahaushe zama a sahun gaba na mawaƙa ba. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, kuma waƙoƙinsa na Imfiraji suna cikin waɗanda suka fi kowace rubutacciyar waƙar Hausa yaɗuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Makafi mabarata sun haddace baitocinsa suna rerawa ƙofa-ƙofa, har ya zama murya ce da aka saba ji daga bakinsu. Makafi suna da sarkinsu, kutare da guragu ma haka, wato al'umma ta ba su gurbi da bakin magana. Ciwon jiki shi ma bai rasa wuri ba; sunan waƙar Aƙilu Aliyu "Cuta Ba Mutuwa Ba" kaɗai ya isa shaida.

Me ya sa makaho ya sami wannan, mai taɓin hankali bai samu ba? Amsar tana cikin abin da muka gani a sashe na 2.0. Makaho ya rasa ido, amma shaidarsa a kan kansa karɓaɓɓiya ce. Mai taɓin hankali kuwa abin da ake auna magana da shi ne aka ce ya rasa. Daɗin daɗawa, ko ya warke ba a sake shi, domin mutane kan ce hauka ba ya warkewa sai dai sauƙi. Wanda ya san cewa waƙa guda a kan ciwonsa za ta iya hana 'yarsa miji, to kuwa zai haɗiye ta.

Wani abin lura shi ne sunan Imfiraji kansa. Kalmar Larabci ce mai nufin yayewar ƙunci, kuma ta yi tarayya a saiwa da Munfarija, ƙasidar Ibnun Nahwi da aka daɗe ana karantawa a lokacin tsanani. Ke nan al'adarmu ta san cewa zuciya na ƙuntata, ta kuma san waƙa magani ce. Abin da ta yi ƙaranci a kai shi ne barin mai ƙuncin ya zayyana ƙuncinsa.

5.0 Kafofin da Ciwon Zuci Ya Samu

Ba za mu yi adalci ba idan muka ce ƙofar a rufe take ruf. Akwai kafofi biyu da suka cancanci a dube su.

Ta farko ita ce marsiyya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta kuma yi wa aminiyarta A'ishatu. A cikinsu mace malama, mai matsayi, ta faɗi kaɗaicinta da hawayenta da lamirin "ni", ba wanda kuma ya ga ta zubar da girma. Ita ce kuma ta wallafa Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta tattara surorin da ake neman waraka da su, har da na damuwar zuciya. Amma marsiyya tana da sharaɗi: sai an yi mutuwa. Baƙin cikin da ke da dalili a fili shi aka yarda a yi wa waƙa. Wanda ya zo ba sallama, wanda likitoci ke kira ciwon damuwa, bai sami irin wannan izini ba.

Ta biyu ita ce waƙoƙin niƙa da daka da reno. A bakin dutsen niƙa mace kan amayar da abin da ba ta iya faɗa wa miji ko uwar miji, ta hanyar habaici. A nan aikin yau da kullum da ciwon zuci suka haɗu a waƙa ɗaya, karin waƙar kuwa motsin hannun ne. A ganina wannan ita ce kafa mafi kusa da abin da muke nema. Abin takaici, injin niƙa ya karɓe aikin dutse a mafi yawan garuruwa, mu kuma manazarta mun fi nazarin waɗannan waƙoƙi a matsayin waƙoƙin aiki ko na kishi, ba mu tsaya mun saurare su a matsayin kukan zuciya ba.

6.0 Wani Misali Daga Ingila

Domin a ga cewa abin da muke nema mai yiwuwa ne, za mu ɗan leƙa waje. John Clare ɗan ƙauyen Helpston ne a Ingila, ɗan ƙwadago a gonakin mutane. An haife shi a 1793 ya rasu a 1864, wato sa'an Nana Asma'u ne a haihuwa da rasuwa. Littafinsa na farko ya fito a 1820, kuma waƙoƙinsa na gona ne da sheƙar tsuntsu da aikin makiyayi, irin fagen Na'ibi Wali. A 1837 aka kai shi gidan jinyar masu taɓin hankali a dajin Epping. A watan Yuli na 1841 ya gudu ya taka kusan mil 80 zuwa gida, yunwa ta sa har ciyawa ya ci a hanya, yana neman budurwarsa ta ƙuruciya, Mary Joyce, wadda ya yi imani matarsa ce, alhali ta rasu tun 1838. A watan Disamba na shekarar aka kai shi asibitin Northampton, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

Darasin da ke nan biyu ne. Na farko, ciwon bai ba shi fasaha ba. Da fasaharsa ya shiga, kuma ciwon rage shi ya yi. Amma bai kashe ta ba. A asibitin ne ya yi waƙarsa da ta fi shahara, wadda jigonta shi ne mutumin da yake raye amma abokai sun manta da shi. Na biyu, waƙoƙin wannan zango sun iso gare mu ne domin wani ma'aikacin asibitin, W. F. Knight, ya ɗauke su da muhimmanci ya kwafe ɗaruruwansu. Da ya ce surutun mahaukaci ne, da sun bi shara. Ke nan ba mai faɗa kawai ake buƙata ba, har da mai saurare.

7.0 Ƙorafin da Za a Iya Yi

Mai karatu na iya cewa, ai waƙar Hausa ta jama'a ce, aikinta faɗakarwa, ba tonon asirin kai ba. Kunya da sutura kuwa rahama ce ga marar lafiya, don me za mu auna tamu da mudun Turawa? Wannan ƙorafi yana da nauyi. Gaskiya ne cewa gidaje da yawa suna riƙe da nasu cikin mutunci, ba tare da kowa ya ji ba.

Amma muna da amsa biyu. Ta farko, lamirin "ni" ba baƙo ba ne a waƙarmu, kamar yadda marsiyya da bege da waƙar niƙa suka nuna. Ta biyu, shiru ba kullum ne sutura ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, waɗanda aka kai da sunan gyaran hali. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a sassa daban-daban na ƙasar nan. Ba mu ce waƙa ce ta ƙera marin ba. Amma mutumin da ba a taɓa jin muryarsa ba, sai dai a gan shi abin dariya ko abin tsoro, ɗaure shi ba ya yi wa kowa nauyi.

Wasu fagagen sun riga mu motsawa. Tun 1954 Dokta T. A. Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, tare da danginsu, domin ya gane cewa zama cikin mutane da harkokin yau da kullum wani ɓangare ne na magani. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, an maye gurbinta da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023. Likita ya sauya, doka ta sauya suna, saura mawaƙi da manazarcinsa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa mai taɓin hankali yana fitowa a waƙar Hausa ta fuska huɗu: makamin zambo, abin tsoratarwa, dokin iska, da kuma adon soyayya. A dukkansu daga waje ake kallonsa. Ta kuma nuna cewa tushen haka yana cikin harshen kansa, inda hankali ya haɗa lafiya da kirki, da kuma cikin tsoron abin da faɗa zai jawo wa zuriya.

Aikin da ke gabanmu ba mai wuyar ganewa ba ne. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su tattara sauran waƙoƙin niƙa da reno daga bakin tsofaffi tun suna raye, a sake nazarinsu ta wannan fuska. Ya kamata abokan aikinmu na Yarbanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri su yi irin wannan bincike a nasu harsunan, domin a ga ko ciwon na gida ɗaya ne ko na unguwa. Idan muna koyar da zambo, mu riƙa tambayar ɗalibai, wa aka ara aka yi zagin da shi? Mawaƙanmu kuma, da suka iya bin karen mota har suka sa aka ga mutuncinsa, ba za su gaza zama da uwar da ke dafa wa ɗanta tuwo tana ɓoye wuƙa ba, ko magidancin da ke haɗiyar ƙwayarsa da asuba kafin ya fita kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuwa mai ɗakin ya kawo mana waƙarsa, to mu karɓa mu feɗe ta a gado ɗaya da ta kowa.